Mai mallakarwa: Kafin ka auna fili, auna mai ba ka

Yau filin zai yi magana ne a kan fili, amma ta wata kusurwa da ba kasafai ake leƙa ta ba.

Harshen Hausa yana da wata dabara ta juya aiki daga mai karɓa zuwa mai bayarwa. Wanda ya miƙa kuɗi ya karɓi kaya, mun ce ya saya. Wanda ya fitar da kayan daga hannunsa, ya sayar. Ango ya aura, waliyyi ya aurar. Magaji ya gada, mamaci ya gadar. A kan wannan ma'auni, wanda gida ko gona ta zama tasa ya mallaka, shi ne mamallaki. Wanda kuwa ya fitar da ita daga mulkinsa ya shigar da ita mulkin wani, ya mallakar, don haka sunan da ya dace da shi shi ne mai mallakarwa. Kalmar ba baƙuwa ba ce a kunnen Bahaushe, sai dai ba mu cika amfani da ita ba, domin mutumin da take nufi ba mu cika damuwa da shi ba. Idan za a sayi fili, ana tambayar faɗinsa da tsawonsa, da nisansa daga kwalta, da ko ruwa yana kwanciya a wurin da damina, da nawa aka sa masa. Tambayar da shari'a za ta fara yi ranar da rigima ta tashi, wato wane ne ya mallakar kuma da wane iko, ita ce ake bari a baya. Saboda wannan sakaci, ma'aikata da yawa sun zuba kuɗin sallamarsu a filin da ba zai taɓa zama nasu ba, marayu da yawa kuma sun girma sun tarar an ci gonar ubansu tun suna goye.

Bari mu fara da sunan kansa. Takardun da lauyoyinmu ke rubutawa da Turanci ba suna ɗaya suke ba wannan mutum ba. Idan hukuma ce ta ba da fili tun da farko, ko wani ya yanko haƙƙi daga cikin nasa ya ba wani, ana rubuta shi grantor. Idan mai riƙe da haƙƙin zama ne ya miƙa duk abin da ya rage masa, sai a ce assignor. A yarjejeniyar ciniki vendor ne, a takardar kyauta donor. Littattafan fiƙihu da alƙalanmu ke hukunci da su, irin su Risala ta Ibn Abi Zaid da Muhtasar na Shaihu Halil da Tuhfa ta Ibn Asim, su ma sun rarrabe: mai sayarwa ba'i'i ne, mai kyauta wahibi, mai waƙafi waƙifi, mai wasiyya musi, mai jingina rahini. Yawan sunayen nan yana da dalili. Kowane suna yana faɗin abin da ya fita daga hannun mutumin da abin da ya rage. Mai sayarwa ya rabu da abu gaba ɗaya a kan farashi. Mai kyauta ya rabu da shi ba da farashi ba. Mai waƙafi ya tsare asalin abu, ya saki amfaninsa. Mai wasiyya bai rabu da komai ba sai bayan ransa. Mai jingina da mai ba da aro da mai ba da haya kuwa ba su mallakar ba sam, sun dai ɗaga hannu na ɗan lokaci.

Duk wanda ya taɓa zama a zauren kotu a ƙauyukanmu ya san cewa rigimar gona da yawa a kan wannan bambanci take. Kakan wane ya ba kakan wane gona shekaru hamsin da suka wuce. Jikokin wannan sun ce aro ne, jikokin wancan sun ce kyauta ce, wasu kuma su ce jingina ce aka yi a shekarar yunwa ba a fansa ba. Waɗanda suka yi abin sun kwanta dama, shaidu sun bi su, ba a rubuta komai ba. Abin da alƙali ke nema a irin wannan shari'a shi ne sunan da ya dace da kakan farko: mai mallakarwa ne ko mai ba da aro? Kalma guda ce, amma abincin gidaje biyu yana rataye a kanta.

Ƙa'idar da ke ƙarƙashin wannan duka mai sauƙi ce, kuma shari'ar Musulunci da dokar da muka gada daga Ingila sun haɗu a kanta: mutum ba ya ba da abin da ba shi da shi. Mai saye ba ya samun fiye da abin da ke hannun wanda ya sayar masa. Idan mai sayarwa yana da rabin gida, rabi ka saya ko da kuɗin gida guda ka biya. Idan aro yake riƙe da shi, aro ka saya. Idan ba shi da komai, to takarda ka saya. Ɗaliban hadisi za su gane wannan da wuri, domin mallakar fili tana da isnadi: wane ya samu daga wane, shi kuma daga wane, har a kai ga tushe. In aka sami mutum ɗaya a tsakiyar jerin wanda ba shi da ikon bayarwa, duk waɗanda suka biyo bayansa sun rataya ne a jikin igiyar da ta tsinke.

Kotun Ƙoli ta Najeriya, a shari'ar Idundun da Okumagba ta 1976, ta lissafa hanyoyi biyar da mutum zai iya tabbatar da cewa fili nasa ne: tarihin gargajiya na yadda aka same shi, takardu ingantattu, ayyukan mallaka masu yawa cikin dogon lokaci, daɗewa ana riƙe da shi ana amfana, da kuma mallakar filin da ke maƙwabtaka da shi ta yadda hankali zai karkata cewa mai wannan shi ne mai wancan. Wanda ya dogara da takardar ciniki, in aka musa asalin mallakar wanda ya sayar masa, sai ya tabbatar da ita ma. Ko satifiket ɗin gwamnati, wanda mutanenmu ke ɗauka a matsayin ƙarshen magana, bai tsira daga wannan ba. A shari'ar Ogunleye da Oni ta 1990, kotun ta nuna cewa satifiket ɗin da aka ba wanda ba shi da haƙƙi a fili ba ya kawar da wanda ya riga shi da haƙƙi ingantacce. Tambarin gwamna ba ya gyara tushen da ya lalace.

To, me ke hannun mai sayar da fili a Najeriyar yau? A nan sai mun ɗan waiwayi tarihi. A zamanin Daular Usmaniyya an san hanyoyin da mutum ke keɓanta da ƙasa, kamar raya matacciyar ƙasa ta hanyar sassabe da noma, ko yankan da shugaba ke yi, kuma Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa littafi a kan wannan batu mai suna Ta'alimur Radi. Da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, Lugga ya shelanta cewa ikon da sarakuna ke da shi a kan ƙasa ya koma hannun gwamnatin Ingila. A 1910 aka kafa dokar da ta sa filayen Arewa a ƙarƙashin kulawar gwamna don amfanin 'yan ƙasa, aka sabunta ta a 1916, sannan Gwamnatin Jihar Arewa ta yi tata dokar a 1962 a kan wannan tubali. A ranar 29 ga Maris, 1978, gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta kafa Dokar Amfani da Ƙasa, wadda ta shimfiɗa kusan wannan tsari na Arewa a kan ƙasar baki ɗaya. Sashe na 1 ya danƙa dukkan filayen jiha a hannun gwamnanta a matsayin amana don amfanin 'yan Najeriya. Sashe na 5 ya ba gwamna ikon ba da haƙƙin zama, sashe na 6 ya ba ƙaramar hukuma ikon ba da haƙƙin zama na gargajiya a filayen da ba na birni ba. Sashe na 28 kuma ya ba gwamna ikon soke haƙƙin don maslahar jama'a, kuma diyyar da sashe na 29 ya tanada ta gini ce da shuka da sauran abin da aka yi a kan filin.

Ma'anar wannan ita ce, a idon dokar ƙasa, mai bayarwa na asali gwamna ne. Ni da kai, abin da muke riƙe da shi haƙƙin zama da amfani ne. Takardar da muke kira shaidar mallaka, a gaskiya shaidar haƙƙin zama ce, kuma galibi ana ba da ita ne na shekara 99 ga filin gidan zama. Idan aka ba mutum a 1985, ya sayar maka a 2025, abin da ya miƙa maka shekara 59 ne da suka rage, tare da duk sharuɗɗan da ke jikin takardar da duk bashin kuɗin ƙasa da ya taru. Wannan ne dalilin da ya sa lauyoyi suka fi rubuta mai sayar da fili a matsayin mai miƙa haƙƙi. Sunan yana tuna wa mai saye cewa akwai wani a sama da wanda ya karɓi kuɗinsa.

Wancan na sama kuwa sai an nemi yardarsa. Sashe na 22 ya hana mai riƙe da haƙƙin zama ya sayar, ko ya jinginar, ko ya miƙa shi ga wani ba tare da amincewar gwamna ba. Sashe na 21 ya yi irin wannan tanadi ga haƙƙin gargajiya, inda galibi amincewar ƙaramar hukuma ake nema. Sashe na 26 ya ce duk cinikin da ya saɓa wa dokar ɓatacce ne. Abin lura shi ne, a wuyan mai mallakarwa doka ta ɗora neman amincewar, amma in ba a nema ba, wanda ya biya kuɗi ne ke kwana a ciki. Shahararriyar shari'ar Bankin Savannah da Ajilo ta 1989 ta nuna haka ƙarara. Wani mutum ya jinginar da gidansa a Legas don bashin banki. Da bankin ya tashi sayar da gidan, sai ya garzaya kotu ya ce ai ba a nemi amincewar gwamna ba. Kotun Ƙoli ta yanke cewa ko filin da mutum ya mallaka tun kafin 1978 yana buƙatar amincewar, don haka jinginar ta ɓaci. Alƙalai sun sha nuna ƙyamar mutum ya ci ribar sakacinsa, amma darasin yana nan: idan banki mai tarin lauyoyi ya faɗa wannan rami, ina ga malamin firamare da ya tara albashin shekara goma?

Don guje wa wahala da kuɗin neman amincewa, mutane da yawa a biranenmu sun koma karɓar takardar wakilci daga mai sayarwa, wadda ke ba mai saye ikon yin yadda ya ga dama da filin. Wannan dabara tana da haɗari. A shari'ar Ude da Nwara ta 1993, Kotun Ƙoli ta bayyana cewa takardar wakilci ba ta mallakar da komai, izini ne kawai na yin aiki da sunan wani. Wanda ya sa mata hannu mai wakiltarwa ne. Sunansa ne ke nan a rajistar gwamnati, kuma mai mugun nufi yana iya komawa ya sayar wa wani da cikakkiyar takarda. Wanda ya biya miliyoyi ya karɓi takardar wakilci kaɗai, ya yi cinikin biri a sama.

Mu bar dokar gwamnati haka nan, mu shiga cikin gida, inda ɓarnar ta fi yawa kuma ta fi ciwo. A wurin ɗaurin aure, kafin a yi komai sai an tambaya wane ne waliyyi, in kuma wakili ne ya zo, sai a ji wanda ya wakilta shi. Mace ba kaya ba ce, kuma aure ba ciniki ba ne, amma al'adar nan ta tantance mai ikon bayarwa a bainar jama'a abin koyi ce. A kasuwar dabbobi ma, dillalin kirki ba ya cewa ya sallama sai ya koma ya ji ta bakin mai dabba. Sai ga shi a cinikin fili, wanda ya fi saniya tsada nesa ba kusa ba, mutum zai miƙa kafin alƙalami ga wanda bai wuce dillali ba, ko babban ɗa a gidan da ba a raba gado ba, ko baffan marayu, ba tare da ya tambayi matsayinsa ba.

Fiƙihun Malikiyya ya yi bayanin kowannensu. Wanda ya sayar da kayan wani ba da izini ba, sunansa fuduli, wato mai shisshigi, kuma cinikinsa yana rataye ne a kan yardar mai kaya: in ya yarda ya zartu, in ya ƙi ya warware. Gidan da ba a raba ba na magada ne gaba ɗaya, maza da mata, kowa gwargwadon rabonsa. Babban wa ba shi da ikon sayar da rabon ƙannensa don kawai shi ne ke riƙe da takardu. In ma rabonsa kaɗai ya sayar wa bare, abokan tarayyarsa suna da haƙƙin shuf'a, wato su biya kuɗin da baren ya biya su karɓe rabon. Dukiyar yaro ƙarami kuwa, mai iko da ita uba ne, sai wasiyyin da uban ya naɗa, sai alƙali. Zama baffa ko wa ko kawu, ko da shi ke ciyar da marayun, bai isa ya ba mutum ikon sayar da gidansu ba. Wasiyyin ma ba ya sayar da gida ko gonar maraya sai da dalili na buƙata ko maslaha bayyananniya. Haka miji ba shi da ikon sayar da gonar matarsa, domin aure bai haɗe dukiyarsu ba. Idan mai haƙƙi ya bayyana daga baya ya tabbatar da haƙƙinsa, abin da malamai ke kira istihƙaƙi, za a karɓe filin daga mai saye, shi kuma ya bi wanda ya sayar masa ya nemi kuɗinsa. Sau da yawa a lokacin kuɗin sun zama motar da ta mutu, ko aure na uku da ya riga ya ƙare.

Na san abin da ke hana tambaya: kunya. Matar mamaci tana jin nauyin ta ce wa wan mijinta, "Yaya, da izinin wa aka sayar da gonar yaran nan?" Yaran in sun tasa suna jin nauyin su ce, "Baffa, ina rabonmu?" Mai saye shi ma yana ganin rashin ladabi ne ya tsare dattijo da tambaya. Amma shiru yana da farashi a shari'a. Malaman Malikiyya sun tabbatar cewa wanda yana nan, yana gani bare yana gini da rushewa a filinsa har shekara 10, babu abin da ya hana shi magana amma ya yi shiru, ba za a saurari da'awarsa ba bayan haka. Tsakanin dangi ana tsawaita wa'adin ƙwarai, saboda an san zumunci yana sa kawaici. Wannan shi ake kira hauzi, kuma kotunanmu suna aiki da shi. Kunyar da ta hana tambaya yau, ita ce za ta zama hujja a kan mai haƙƙi gobe.

Kalmar hauzi tana da wata ma'ana a babin kyauta, kuma a nan masu kyakkyawar niyya ne ke jawo wa iyalansu baƙin ciki. A mazhabarmu, kyauta ba ta kammala sai wanda aka ba ya karɓi abin ya shiga hannunsa tun mai kyautar yana da rai da lafiya. Idan mai kyauta ya rasu kafin haka, kyautar ta ɓaci, abin ya koma gado. Magidanci zai tara abokansa ya ce ya ba wance gidan nan, ya ci gaba da zama a ciki har mutuwarsa, yana zaton ya gama. Malamai sun yi bayani cewa kyautar da miji ya yi wa matarsa ta gidan da yake zaune a ciki ba ta cika matuƙar bai fita daga gidan ba. Uba yana iya riƙe wa ƙaramin ɗansa abin da ya ba shi in ya kafa shaidu, amma in gidan zamansa ne sai ya ƙaurace masa. Kyautar da aka yi a cikin ciwon ajali hukuncinta na wasiyya ne, ba ta wuce sulusin dukiya, kuma magaji ba ya cin wasiyya sai da yardar sauran magada. Wanda ya furta kyauta bai miƙa ba, ya yi niyyar zama mai mallakarwa ne, bai zama ba. Abin da ya bar wa matar da yake son ya kyautata wa shi ne zaryar kotu da gabar 'ya'yan kishiya.

Sai kuma masu unguwanni da dagatai. Babu mai musun amfaninsu, domin su suka san iyakar gonar kowa da tarihin kowane kango, kuma mafi yawan cinikin filayen awon igiya a gefen biranenmu a gabansu ake yi. Amma a fahimci matsayinsu: shaidu ne. Hatimin mai unguwa yana tabbatar da cewa an yi ciniki a gabansa, ba ya mayar da wanda ba shi da fili ya zama mai fili, kuma ba ya maye gurbin amincewar da doka ta ce a nema. Sashe na 36 na dokar 1978 ma ya hana yanka gonakin karkara da ya shafa zuwa fuloti-fuloti. Idan aka zo rusau, ba a tambayar wanda ya yanka ya sayar, wanda ya gina ne ke tsaye yana kallon katafila.

Ba zan ɗora laifin duka a kan talaka ba. Hanyar da doka ta shata doguwa ce, mai tsada, kuma da harshen da yawancin masu ciniki ba sa ji aka rubuta ta. Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya sa gyaran dokar filaye cikin ƙudurorinsa bakwai, ya kafa kwamiti a 2009 ƙarƙashin Farfesa Akin Mabogunje, amma dokar tana nan yadda take, domin sashe na 315 na Tsarin Mulkin 1999 ya killace ta, ba ta gyaruwa sai ta hanyar da ake gyara tsarin mulkin kansa. Jihohi irin su Kano da Kaduna, da Babban Birnin Tarayya, sun kafa hukumomin adana bayanan filaye a kwamfuta, wanda ci gaba ne, sai dai manomin da ke nesa da babban birni bai san da zamansu ba. Maƙwabtanmu na Nijar, waɗanda al'adar gado da aro da jinginar gona ɗaya ce da tamu, sun bi wata hanya. Dokar karkara da suka kafa a 1993 ta haifar da kwamitocin filaye har zuwa matakin ƙauye, inda ake ba da takarda dabam ga ciniki, dabam ga kyauta, dabam ga aro da jingina. Su ma suna da nasu matsalolin, amma tunanin daidai ne: a rubuta sunan aikin tun masu shi suna raye, a kusa da inda gonar take.

Abin da nake kira a yi bai fi ƙarfin kowace jiha ba. Ma'aikatun shari'a da na filaye, da alƙalan kotunan Musulunci, da sassan Hausa da na shari'a a jami'o'inmu, su zauna su daidaita waɗannan kalmomi, su fitar da takardun ciniki da kyauta da aro da jingina cikin Hausa, boko da ajami. A kowace takarda a sa gurbin da zai tilasta wa mai bayarwa ya faɗi matsayinsa: mamallaki ne, ko wakili, ko wasiyyi, ko ɗaya daga cikin magada, da kuma hanyar da abin ya zo hannunsa. Akwai dokar da ta wajabta wa wanda ya rubuta takarda don wanda bai iya karatu ba ya sa sunansa, ya kuma tabbatar an karanta masa an fassara kafin ya dangwala yatsa. Da takardar da Hausa take tun farko, da rabin wannan wahala ta kau.

Kafin hukuma ta motsa, mai saye yana da abin yi. Ya cire kunya ya ce, "Alhaji, ta wace hanya filin nan ya zo hannunka?" In gado ne, ya ga takardar rabo daga kotu, ya ji ta bakin sauran magada, har da mata, kowace da bakinta. In saye ne, ya ga takardar wanda ya gabata. In akwai satifiket, ya je hukumar filaye a bincika ko sunan da ke rajista shi ne na wanda ke gabansa, ko an jinginar, ko an soke. In wakili ne, ya nemi ganin mai fili ido da ido. Ya je wurin mai unguwa ya ce, "Ranka ya daɗe, ko akwai wata magana a kan wurin nan?" sannan ya tambayi maƙwabta na gabas da yamma, kudu da arewa. Kada ya cika kuɗi sai mai sayarwa ya sa hannu a takardar neman amincewar hukuma. Kuɗin lauya da na bincike ba su kai la'adar dillali ciwo ba in aka kwatanta da abin da suke tsarewa. Wanda ya fusata don an yi masa waɗannan tambayoyi, ko ya ce a yi sauri akwai wani mai so, ya riga ya ba ka amsa. Matambayi ba ya ɓata.

Shi kuma mai mallakarwa, ya san cewa sunan nan nauyi ne. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu a ciniki take, kuma hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito ya yi gargaɗi mai tsanani ga wanda ya ci ko da taƙi ɗaya na ƙasa da zalunci. In za ka sayar, sayar da naka kaɗai, ka faɗi aibinsa, ka raka mai saye har takarda ta koma sunansa. In za ka yi kyauta, miƙa ta yau da hannunka a gaban shaidu, ka ɗauke kayanka daga ciki. In aro ka bayar, rubuta cewa aro ne, ko da ɗan'uwanka ka ba, domin jikokinku ba za su san irin amincin da ke tsakaninku ba.

Allah Ya tsare mu daga cin haƙƙin wani, Ya kuma tsare mana namu. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.